Traxxas Slash mai jan baya: da wane aljihu, da wane irin aiki ta dace?

Masu wasan motar rimot yawanci kashi biyu ne. Akwai mai kuɗin da aiki ya cinye masa lokaci, ya sayi mota mai tsada ta yi wata uku a kan kanta tana shan ƙura. Akwai kuma mai lokacin da kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba, yana da yammacin kowace rana, amma in hannun taya ya karye sai ya jira albashi. Duk motar da za a yaba ko a kushe, a kan waɗannan mutum biyu ya kamata a auna ta, domin kuɗin da aka biya ranar saye somin taɓi ne. Abin da ke raba mutum da wannan wasa shi ne kuɗin safaya, da batir, da awannin da gyara ke ci.

Slash ta fito a 2008 daga kamfanin Traxxas da ke McKinney a jihar Texas ta Amurka. Kwaikwayo ce ta manyan motocin tseren ƙasa masu buɗaɗɗen baya, an rage girmanta zuwa kashi ɗaya cikin goma. Tsawonta ya kai kusan santimita 57, faɗinta kusan 30, nauyinta kilo biyu da 'yan kai. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai jan tayoyin baya kaɗai, mai moto Titan 12T mai burushi, da na'urar sarrafa gudu XL-5, da sabo (servo) 2075, wato 'yar na'urar da ke juya sitiyari, da rimot TQ mai aiki a kan 2.4GHz. A haɗe take zuwa. Batir AA guda huɗu na rimot kai za ka nema, kuma kafin ka biya ka duba kwalin da kyau, don wani zubin yana zuwa da batirin mota da caja, wani kuwa babu ko ɗaya.

A tuƙi, mota ce mai daɗi amma mai taurin kai. Gindinta a sama yake, saboda haka tana tsallake duwatsu da ciyawa ba tare da ta kafe ba, sai dai in ka shiga kwana da gudu a kan kwalta za ta kife, babu makawa. A kan rairayi ko tsakuwa kuma bayanta ne ke wutsil-wutsil da zarar ka danne totur. Wasu na ganin wannan aibi ne. Ni a ganina shi ne ke koya wa yatsa ladabi. Kamfanin ya ce tana wuce kilomita 48 a awa, amma sai an sauya ƙaramin giyan da ke jikin moto da wani mai ƙarin haƙora na gudu, wanda bai dace da ciyawa ko yashi ba saboda zafin da yake jawo wa moto.

XL-5 na da tsari uku: na yau da kullum mai gaba da birki da ribas, na tsere wanda babu ribas, da na koyo wanda ke rage ƙarfi zuwa rabi. Wanda aljihunsa bai da nauyi ya fara da na koyo ko da girman kai bai so ba. Yawancin ɓarnar makon farko daga karo da bango ko gefen titi take zuwa, kuma karon da aka yi da rabin gudu da wuya ya karya wani abu.

Inda Slash ta yi wa sa'o'inta fintinkau shi ne safaya. Kusan kowane ɓangare ana sayar da shi shi kaɗai a 'yar leda mai lamba, kuma lambobin na cikin zanen da ke zuwa da littafin motar. Da yawa daga kayan akwatin giya da na ƙafafu iri ɗaya ne da na wasu motocin Traxxas, wato Rustler da Stampede da Bandit masu jan baya, ga kuma kamfanoni irin su RPM da ke ƙera nasu madadin. Ga mai albashin wata, ma'anar wannan ita ce gyara na zuwa ne a gutsure, daidai abin da ya rage bayan an biya haya da kuɗin makaranta. Kwatanta da ƙananan motoci masu araha irin WLtoys 144001, wadda risiba (mai karɓar umarnin rimot) da na'urar sarrafa gudu ke haɗe a allo ɗaya. In ɗaya ya ƙone, duka biyun za ka sauya, kuma sau da yawa sai ka yi oda ka zauna jira. A Slash kowanne daban yake.

Abubuwan da ke fara ba da matsala sanannu ne. Murfin shokozoba na roba ne, kuma in motar ta dira da ƙarfi daga tsalle yakan fita, man ya tsiyaye, motar ta koma tana tsalle-tsalle kamar kwaɗo. Maganinsa murfin alminiyom guda huɗu da sabon man silikon. Da man silikon mai lamba 30 motar take zuwa, amma masu yawan tsalle kan ƙara kaurinsa zuwa 40 ko 50, musamman a baya inda nauyin moto yake. Wajen zubawa, cika bututun, motsa sandar sama da ƙasa a hankali, ka bar shi minti goma kumfa ya fita kafin ka rufe. In ka yi gaggawa iska za ta maƙale, shokozoba ya riƙa yin laushi a farkon dannawa.

Sai mariƙan tayoyin gaba da na baya, waɗanda ke tsagewa in taya ɗaya ta daki abu da gudu. Sai haƙoran cikin sabo, su ma na roba. Alamar sun tafi ita ce ka ji ƙara ƙar-ƙar-ƙar sitiyari kuma ya ƙi komawa tsakiya. Ba sai ka sayi sabon sabo ba, ana sayar da haƙoran kaɗai, aikin minti ashirin ne ga mai haƙuri.

Babban giyan roba da ke gefen akwatin giya shi ne abin da sababbin shiga suka fi cinyewa, kuma laifin saiti ne. In tazarar da ke tsakaninsa da ƙaramin giyan moto ta yi yawa, kan haƙoran ne ke gugar juna har su side. In ta matse, moto ya yi zafi, batir ya ƙare da wuri. Ga yadda ake yi: sassauta sukurorin moto biyu, saka siririn yankin takardar rubutu tsakanin giyoyin, tura moto ya matse takardar, ɗaure sukurorin, sannan ka juya giyan takardar ta fito. In ka riƙe ƙaramin giyan ka girgiza babban, ya kamata ka ji ɗan motsi kaɗan, kamar kaurin gashi. Duba shi a wurare uku ko huɗu na zagayen, don giyan roba ba ya cika zama daidai ko'ina. Kuma kada a fita ba murfin giya. Tsakuwa ɗaya ta isa.

A jikin wannan giyan akwai kulocin zamewa, wanda ke kare akwatin giya daga fizga. Ɗaure notinsa har sifirin ya matse gaba ɗaya, sannan ka warware zagaye ɗaya cikakke. In ya yi sako-sako za ka ji moto na kuka motar ba ta tafiya yadda ya kamata, zafin zamewar kuma na iya narkar da tsakiyar giyan. In ya ɗaure tamau, duk dirar da ka yi da totur a danne, farfelolin roba na baya ne za su biya.

Titan moto ne mai rufaffen baya, ba a canza masa burushi. In ya mutu sai sabo, sai dai yana cikin mafi arha a kayan motar. Zafi ne ke kashe shi. Bayan minti biyar na gudu ɗora yatsa a jikinsa, in ba ka iya ƙirga uku ba, tsaya ya huce, ko ka rage haƙoran ƙaramin giya da biyu. Doguwar ciyawa da yashi mai zurfi su ne manyan maƙiyansa.

Kayan aikin da ake buƙata ba su da yawa: sukundireba mai kusurwa shida na milimita 1.5, 2 da 2.5, sifana mai lamba 7 na notin taya, filaya mai siririn baki. 'Yan makullan da ke zuwa a kwali suna cinye kan sukuru, gara a sayi masu kyau sau ɗaya.

Batir ne wurin da irin aikin mutum ya fi tasiri. Batir irin NiMH mai sel bakwai, bolt 8.4, 3000mAh, yana ba da kamar minti goma zuwa sha biyar, kuma a caja mai amfiya 4 yana cika cikin kusan minti 45. Wato wanda ya taso daga aiki rana ta kusa faɗuwa, da batir ɗaya, zai yi wasa sau ɗaya ne ya koma gida. Batir irin LiPo mai sel biyu, bolt 7.4, 5000mAh, yana kaiwa kusan rabin awa, ƙarfinsa kuma ba ya sanyi a tsakiyar wasa kamar na NiMH. Amma yana da sharuɗɗa. Kowane sel bolt 4.2 ne cikarsa, kada ya sauka ƙasa da 3.0, kuma masu son batirinsu ya daɗe kan tsaya tun a 3.4 ko 3.5. In za a ajiye shi fiye da 'yan kwanaki, a bar shi a 3.8. Nan ne direban dogon zango, da ma'aikacin da ke kwanan aiki, da duk wanda tafiya ke ɗauke shi ba shiri suke asara: a caja batir ranar Juma'a da niyyar fita Asabar, aiki ya taso, batir ya yi wata biyu a cike, a dawo a tarar ya kumbura. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kuma haɗarin gobara ne. Mai irin wannan aiki ya sayi caja mai tsarin ajiya, ko ya haƙura da NiMH, wanda in ya zauna sai dai cajinsa ya zube a sake yi masa.

Kafin a sa LiPo, a duba fitilar XL-5. Kore na nufin kariyar ƙarancin wuta na aiki, ja na nufin a kashe take. Don sauyawa, kunna na'urar ka danne maɓallinta na daƙiƙa goma. Bayan wasa a zare batir daga motar, domin na'urar na ci gaba da zuƙar wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe take. Kada kuma a bar LiPo a caji ba kowa a wurin.

Abin da ban so ba a nan shi ne soket ɗin iD na Traxxas. Batiran LiPo nasu sun haɗa wayoyin daidaita sel a cikin soket ɗin, don haka cajarsu suke so. Ga mai kuɗin da ba ya son dogon lissafi, alheri ne: ka soka, caja ta gane batir, ka danna maɓalli. Ga mai ƙirga kowane kwabo, ɗauri ne. Mafita ita ce adafta, ko a yanke a liƙa soket XT60 da dalma, amma a sani yanke waya na iya taɓa garanti.

Shi ma mai kauri a aljihu yana da nasa ramin. Da zarar abu ya karye sai ya cika motar da alminiyom mai sheƙi. Hannun taya na roba an yi shi ne ya lanƙwashe ya dawo, in abin ya fi ƙarfinsa ya karye shi kaɗai. Na alminiyom in ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan, ƙarfin dukan kuma ya wuce zuwa abin da ke riƙe da shi. A bayan Slash, abin da ke riƙe da hannayen shi ne akwatin giya kansa, wanda sauya shi na cin yamma guda. An guje wa gyaran minti goma an sayi na awa biyu, ga mutumin da lokaci ne ba shi da shi. Alminiyom a murfin shokozoba da mariƙan taya ya isa.

Haka batun moto marar burushi. Sigar Slash mai suna VXL na zuwa da irin wannan moto, Velineon 3500, da ke ɗaukar LiPo har mai sel uku. Wanda ya san can zai dosa, ya tara kuɗi ya saye ta tun farko. Ɗaga mai burushi zuwa can a hankali yakan fi tsada, don bayan moto da na'urar sarrafa gudu, farfela da tayoyi da giya za su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuɗinsa ke shigowa yau akwai gobe babu, kamar ɗan kwangila ko mai sana'ar hannu, zama a kan Titan ya fi masa kwanciyar hankali, saboda ƙarancin gudu na nufin ƙarancin ɓarna.

Kayan lantarkin motar ba sa jin ruwa, rimot kuwa yana ji. Boris da sukurori da sandunan ƙarfe su ma suna tsatsa. Duk fitar da aka yi cikin ruwa ko taɓo tana da bashin kamar minti ashirin: cire tayoyi, wanke taɓo, busarwa, ɗiga mai a boris. In ba ka da wannan minti ashirin ɗin, kewaye kududdufin.

Masu son tsere su tambaya ko filin da ke kusa da su na da ajin Slash zalla, wanda dokarsa ke hana sauya moto da na'urar sarrafa gudu. A irin wannan aji injiniya mai babban albashi da ɗalibi a kan mota iri ɗaya suke, sai dai a lissafa kuɗin shiga fili da na 'yar na'urar ƙirga zagaye. Wanda kuma daɗinsa a harhaɗawa yake, yana da dogayen darare a gida, motar kamfanin Tamiya irin TT-02, wadda ke zuwa a wargaje mai saye ya haɗa da kansa, za ta fi gamsar da shi, domin Slash ba ta bar masa abin haɗawa ba. Mai neman jan ƙafa huɗu da ba ya son bayan mota na zamewa ya duba Arrma Senton ko Slash 4x4, da sanin cewa ƙarin giyoyi da farfeloli ƙarin abin gyara ne.

Ga wanda zai saya da ƙaramin kasafi, jerin da ya fi ma'ana shi ne motar, batir na biyu, sukundirebobi masu kyau, babban giya ɗaya na ajiya, sannan murfin shokozoba a wata mai zuwa. Sabon bodi da tayoyin ado su jira sai na farkon sun gaji.