Kafin ka sayi na'urar tsarkake kayan aikin haƙori

Mai shirin buɗe asibitin haƙori yakan daɗe yana zaɓen kujera da fitila, amma in aka zo kan na'urar kashe ƙwayoyin cuta sai ya ce a kawo duk wadda ta samu. Abin yana damuna ƙwarai. Ƙarfen da ya shiga bakin mutum da jini da yawu yake fitowa, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a raye cikin busasshen jini. Idan na'urarka ba ta kashe ta ba, da hannunka za ka kai ta bakin mutum na gaba.

Akwai hanyoyin da ba sai na ɓata maka lokaci a kansu ba. Tafasa kaya a ruwa ba ya wuce zafin digiri 100 na ma'aunin Celsius, kuma akwai bakteriya masu shiga kwanso mai tauri da wannan zafin ba ya kashewa. Akwatin nan mai shuɗin haske kuwa wurin ajiya ne kawai, domin hasken ba ya shiga lungu da saƙo na almakashi ko abin cire haƙori. Jiƙa kaya a ruwan sinadarin gulutaraldehaid mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari yana kashe komai, amma sai an bar su kusan awa 10, ga shi yana ƙona ido da fata, yana damun numfashin ma'aikata, sannan sai an ɗauraye kayan da ruwa marar ƙwayar cuta. A bar shi ga abin da zafi zai lalata.

Tanderun busasshen zafi yana da nasa amfani, tunda ba ya sa ƙarfe tsatsa. Matsalarsa jinkiri: awa 2 a digiri 160, ko awa 1 a digiri 170. Roba narkewa take yi a ciki, injin gogar haƙori kuma lalacewa.

Abin da ya rage shi ne tukunyar tururi mai matsi, otokilef, wadda Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya ƙera a 1879. Tana aiki a digiri 121 na aƙalla minti 15, ko a digiri 134 na minti 3 zuwa 4. Kada wannan adadi ya ruɗe ka, lokacin kisan ƙwayoyin ne kawai. In ka haɗa da ɗumamawa da busarwa, zagaye guda ya fi haka tsawo sosai.

A nan ne zaɓin gaskiya yake. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13060 ta raba ƙananan otokilef gida uku: N da S da B. Abin da ya bambanta su shi ne yadda suke fitar da iska. Tururi ba ya kashe ƙwayar cuta sai ya taɓa ta, kuma duk inda iska ta maƙale, tururi ba ya isa wurin. Aji N tururi ne ke tura iskar waje, don haka an yi shi ne domin kaya marasa rami waɗanda ba a naɗe ba, kuma da an buɗe ƙofa sai a yi amfani da su nan take. Aji B yana da famfo mai zuƙe iskar sau da dama kafin tururi ya shiga, sannan ya sake zuƙa a ƙarshe don kayan su fito a bushe. Wannan busarwa ba ƙaramin abu ba ce, domin in jakar takardar da ake naɗe kayan a ciki ta jiƙe, ƙwayoyin cuta na ratsa ta. Aji S yana tsakiya: abin da kamfanin ya rubuta cewa zai iya, shi kaɗai zai iya, saboda haka sai ka karanta littafin na'urar da idonka.

Ka duba injin gogar haƙori da ke hannunka kullum. Cikinsa siraran bututu ne na ruwa da iska, kuma in ya tsaya da juyawa yana iya zuƙar yawun majiyyaci zuwa ciki. Goge bayansa da auduga da sifirit ba ya taɓa abin da ke can ciki. Saboda wannan kaɗai, ni shawarata aji B. Ya fi tsada, gyaransa ma ya fi wuya, amma araha ba ta ado a wurin da ake zancen jinin mutane.

Girma kuwa, ƙananan asibitoci sukan ɗauki mai lita 18 ko 23. Kada ka sayi ƙarama ka riƙa cusa mata kaya, tururi sai da sarari yake zagayawa. Ka tanadi ruwan da aka tace ta hanyar tururi, domin ruwan famfo yana tara gishiri ya toshe bututu. Ka ware kuɗin kwanon wanki mai girgiza ruwa da sauti, tunda ƙarfen da jini ya bushe a kansa ba ya tsarkaka ko a na'ura mafi kyau.

Sai gwaji. Tef ɗin da ake mannawa a jakar kaya, mai canza launi, shaida ce kawai cewa kayan sun ji zafi. Tabbacin kisa yana zuwa ne daga kwalbar gwaji mai ɗauke da bakteriyar Geobacillus stearothermophilus, wadda ake sakawa a na'urar a ga ko za ta mutu; hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a ƙa'idojinta na 2003, ta ce a yi wannan gwajin aƙalla sau ɗaya a mako. Ka zaɓi na'ura mai rubuta zafi da matsi da lokacin kowane zagaye. Kafin ka biya, ka tambayi mai sayarwa wa zai zo gyara in ta tsaya, da kuma inda za ka samu robar ƙofa in ta tsufa.