Wace gora ta dace da kunun zaki da zoɓo a zafin Katsina?

Duk mai ɗura kunun zaki, kunun aya ko zoɓo domin sayarwa ta san abin da zafin watan Afrilu yake yi musu idan aka ɗauke wuta. Ƙwayoyin yis, irin waɗanda ke kumbura ƙullin burodi, suna cin sukarin da ke ciki suna fitar da iskar gas, kuma cokalin shayi ɗaya na sukari, wato kimanin giram 4, yana iya haifar da kusan lita ɗaya ta iska, wadda ba ta da mafita idan murfi a rufe yake.

Ni dai gorar lemon gas, irin ta Coca-Cola ko Pepsi, ita ce zaɓina. Tun a masana'anta an yi ta ne domin ta riƙe iskar da ta ninka ruwan cikinta sau 3 zuwa 4, shi ya sa robarta take da kauri, gindinta yake da ƙafafu biyar, kuma zaren bakinta yake da tsagogi da iska ke bi ta fita kafin murfi ya gama kwancewa. Babban alherinta shi ne tana yi miki gargaɗi: ki bar sarari kamar yatsu biyu a sama, ki riƙa matsa ta, da zarar ta yi tauri kamar dutse to kunun ya fara juyawa, kuma bai halatta ki sayar wa mutane abin da ya kama hanyar zama barasa ba.

Gorar ruwan sha sirara ce, gindinta kumbura yake yi. Kwalba kuwa na haramta wa kaina ita tun ranar da ɗaya ta fashe a cikin kula ta yanki 'yata a hannu. 

Sai dai hattara da masu kawo gora a buhu. Da yawa daga bola aka tsinto su, aka ɗauraye sama-sama, aka haɗa su da murafun da ba nasu ba, waɗanda suke yoyo tun kafin yaro ya kai Ƙofar Ƙaura. Wasu an taɓa zuba musu fetur, kananzir ko maganin feshi, kuma wanki ba ya raba roba da wannan dafin. Ki buɗe kowace ki shinshina a gaban mai sayarwa, ki ɗaga ta a rana ki duba tsagewa a gindi, ki mayar masa da duk wadda ta yi hazo ko ta motse, domin alama ce ta cewa rana ta ci ta ko an zuba mata tafasasshen ruwa.