Kofi ɗaya na garin waken suya giram nawa ne? Mai mai da wanda aka tatse mansa

'Yar uwa da kika yi tambaya kan haɗin da aka rubuta kofi 1 na garin waken suya, kika duba wani waje ya ce giram 84 wani kuma ya ce 105 har kika rasa wanda za ki bi, to dukkansu gaskiya suka faɗa, gari biyu ne daban suke magana a kai.

Na farko shi ne mai mai, wato waken da aka niƙa shi gaba ɗaya ba a cire masa komai ba, in da kanki kika niƙa to wannan ne a hannunki ba tantama. Mai ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, shi ya sa in kika damƙe shi a hannu sai ki ga ya dunƙule ya fito da shatin yatsunki, kuma da kin zuba a kofi ba ya kwanciya sosai, iska na maƙalewa a tsakani. Kofi ɗaya nasa wajen giram 84 ne, rabi 42, kwata 21, babban cokali wajen giram 5. Na biyu kuma wanda kamfani suka tatse man tukunna suka niƙa abin da ya rage, man da ke ciki wajen kashi 1 ko 2 ne kawai, furotin ɗinsa kuwa ya doshi rabi. Shi a bushe yake, yana zuba sululu ya cike ko'ina a kofin, to nan ne ake samun giram 100 zuwa 105, rabi wajen 52, kwata 26, cokali kuma tsakanin 6 da 7. Kinga giram 20 ne tsakaninsu a kofi guda, kuma maras man ya fi shan ruwa, in kika sa shi a gurbin mai mai kofi da kofi kwaɓin zai yi miki tauri.

Duk lissafin nan fa da kofin awo na Amurka ne, wanda yake ɗaukar kusan mililita 237. Na Ostareliya 250 ne, da shi 84 ɗin nan zai koma wajen 89, 105 kuma ya koma 111. Na Japan 200 ne kacal. Don haka ki lura da ƙasar da mai haɗin take.

Abin da ya fi damuna ma yadda ake ɗiban garin ne. Alƙaluman can na garin da aka motsa ne aka zuba da cokali a hankali, aka share saman da bayan wuƙa. In kika cusa kofin cikin leda kika danno, ko kika bubbuga shi ya zauna, wallahi abin da zai shiga ya wuce haka nesa, kuma garin waken suya ba kamar fulawa ba ne da za a ce ɗan ƙari ba komai, ba shi da danƙon da ke riƙe biredi ya tashi, in ya yi yawa abin zai yi nauyi ɗanɗanon wake ya fito. Kuma don Allah kar ki ɗauki giram 120 ko 125 ɗin da aka saba ji ki ɗora masa, wannan awon fulawa ne.

Ni dai tsakanin kofi da sikeli, sikeli na zaɓa. Ki ɗora kwano, ki danna ya koma sifili, ki tankaɗe garin saboda gudaji sannan ki zuba har lambar ta kai. In mai haɗin ba ta faɗi wane iri ba ne, duba bayan ledar naki wajen da suka rubuta yawan mai a giram 100, kika ga wajen 20 ki auna 84, kika ga 1 ko 2 ki auna 105.