Kunun Aya, Kunun Zaki ko Zoɓo: Wanne Zai Kai Ki Ƙarshen Biki?

Uwargida, kafin ki tura kuɗin odar abin sha na suna ko walima, ki fara ƙirga awanni: daga lokacin da mai yin ta tace shi zuwa lokacin da baƙuwar ƙarshe za ta kai bakinta. A Kano, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan lissafin ya fi na farashi muhimmanci.

Kunun aya shi ne ɗan gata, kowa na son sa, amma ba shi da haƙuri ko kaɗan. Aya da dabino da kwakwa duk zaƙi ne da maiƙo, kuma ba a dafa shi, don haka babu abin da ke kare shi. In ba ƙanƙara, wanda aka tace da safe zai iya juyawa kafin la'asar, ya yi yauƙi, ya tsinke. Ni dai ba na yin odarsa sai in taron na mutum kaɗan ne, kuma mai yin tana kusa da gida.

Kunun zaki kuwa labarinsa ya fi tsawo, domin shi dole sai ya kwana. Ana jiƙa gero ko dawa kwana ɗaya zuwa biyu, a niƙa da citta da kanumfari da ɗan barkono, a raba ƙullun biyu. Kaso mai yawa a dama shi da tafasasshen ruwa, in ya huce a zuba ɗanyen da aka haɗa da busasshen dankalin Hausa ko tsiro, a rufe har gari ya waye. Tsiron nan shi ke narkar da kaurin ya mayar da shi zaƙi, kwanan kuma shi ke kawo ɗan tsamin da ake nema. Matsalar ita ce aikin ba ya tsayawa don an ɗura a gora. Ƙananan ƙwayoyin halittar da suka kawo tsamin suna nan suna cin sukari, wasunsu kuma iska suke fitarwa, shi ya sa za ki ga gora ta kumbura, in an buɗe ta yi tsaki. Masu haɗa giya a Turai da Amurka wannan aikin suke zaman jira makonni har ya kammala. Mu kuwa so muke mu tare shi tun bai je ko'ina ba. Kuma ba batun ɗanɗano kaɗai ba ne. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) nabizu, wato jiƙon dabino ko zabibi, ya sha har zuwa yammacin kwana na 3, abin da ya rage a ba wani ya shanye ko a zubar. A zafinmu, kunun da ba ya cikin sanyi ba ya ma kai wa nan.

In za ki saya, ki tambayi mai yin kai tsaye: "Hajiya, yaushe aka tace, kuma an zuba sukari?" Wanda ba a sa wa sukari ba ya fi jure jira, sai ki zuba da kanki daf da rabawa. Na gero ya fi laushi a baki, na jar dawa ya fi kauri da riƙe ciki. A nan kam son rai ne.

Zoɓo shi ne jakin cikinsu. An tafasa shi, ga shi da tsaminsa na asali, don haka yana wuni bai canza ba, a firij kuma ya yi kwanaki. Abin da ke rage masa kwana shi ne ɗanyar abarba ko kokwamba da ake markaɗawa a ciki. Ga arha, musamman in kin aika an auno miki busasshensa a Dawanau ko Kasuwar Rimi an dafa a gida.

Da ni ce mai biki, zoɓo zan cika manyan kuloli da shi saboda masu zuwa har bayan isha'i, kunun zaki a kawo shi da hantsi a gama da shi kafin magariba, kunun aya kuma 'yan gorori na dangin miji, a miƙa musu suna zama.