Mai jagoran farautar elk a Kolorado: ya ci kuɗinsa, amma ya kusa tsinka mini numfashi

Tun da na dawo Damagaram, duk fadar da na zauna shan shayi a Zango sai an tambaye ni labarin farautar da ƙanena ya kai ni a Amurka. To ga shi sau ɗaya, kowa ya huta.

Ƙanen nawa direban babbar mota ne a Kolorado, shi ke da takardar izinin harbi, ni ɗan rakiya ne kawai. Ya ɗauki mai jagora na kwana biyar a watan Oktoba, lokacin masu bindiga. Masu baka su ake fara buɗe wa daji tun Satumba. Elk ɗin nan barewa ce, amma namijin yakan wuce kilo 300, ya fi gwanki girma, ƙahonsa kamar reshen gawo, kuma kowace shekara yakan zubar da shi wani ya fito.

Mai jagoran dattijo ne, ba ya son surutu. Abin da ya fara yi shi ne saka mu sanya riga da hula ruwan lemo mai ɗaukar ido, doka ce, don kada wani maharbi ya ɗauke ka nama. Na ce a raina, wannan ai tallar kai ce ga dabba. Ashe elk ba ta damu da launin ba, hanci ne makaminta. A nan mutumin ya burge ni. Yana da ƴar kwalba ta farin gari, ya matsa ya ga inda iska ta nufa, daidai yadda Baba ke yi da toka lokacin yana bin barewa a dajin Tanut. Da sassafe iska mai sanyi gangarowa take daga dutse, rana na ɗagawa ta juya sama, don haka kullum ta ƙasa muke fara tunkarar garken, hantsi na yi ya sauya mana hanya.

Rana ta uku ya busa wata ƴar sarewa mai kukan macen elk, wani ƙato ya amsa da ƙara mai tada tsigar jiki, ya fito fili. Ƙanena ya ɗaga bindiga, dattijon ya danne masa hannu: akwai macen elk a bayan ƙaton, harsashi zai iya ratsawa. Ƙanena ya juyo kamar zai yi kuka, ya ce, "Yaya, ka ga kuɗina na tafiya da ƙafa huɗu." Sai rana ta biyar aka dace. Ya yi bismilla ya harba, muka tarar da sauran rai, dattijon ya ja gefe ya bar mu muka yanka, bai ce uffan ba. Sallar asuba ma jiranmu yake yi.

Inda na ga gazawarsa: tafiya. Muna sama da mita 3,000, ni da na saba da duwatsun Birni, taku ashirin sai haki, shi kuwa ko waiwaye. Ranar farko kaina ya yi ta sara, bai gaya mana tun wuri mu iso da kwana biyu jiki ya saba ba. Abinci kuma burodi mai sanyi da cuku, kwana biyar. Sannan bayan kuɗin aiki akwai tukuicin da ake sa ran ka bayar, ba wanda ya faɗa sai ranar sallama.

Fiɗa kam gwani ne. Ya raba naman gida huɗu, ya zuba a buhunan yadi, alfadarai suka sauko da shi, don barin nama a daji laifi ne a can. Wanda ke da ƙafa da aljihu, ya ɗauki dattijon nan jagora.

Sarewar ya ba ni kyauta. Na kawo wa Baba, ya busa a tsakar gida, awakin Inna suka watse.