Tikitin tseren drag na Texas Motorplex: kuɗin ya fita, amma ku yi lissafin hanya tukuna

Jama'a masu tambayata ko tikitin FallNationals, gasar tseren motocin nan da ake yi a filin Texas Motorplex na garin Ennis duk watan Oktoba, ya ci kuɗinsa, eh ya ci, amma fa ba don abin da kuke zato ba. In dai gudun kawai za ka je kallo to ka yi zamanka a gida ka kunna talabijin ya fi maka, don mota biyu ne za su jeru a layi, fitila ta kawo kore, kafin ka gama cewa a'uzubillahi sun kai ƙarshe sun saki lema. Daƙiƙa 3 da ɗigo 7 shikenan. Abin da kake saya da kuɗinka shi ne shiga inda makanikai suke aiki, don a tsarin NHRA, hukumar da ke shirya tseren, kowane tikiti yana ba ka damar yawo a tsakanin tireloli, ba sai ka san wani ba, ba ƙarin ko sisi, ka tsaya bayan igiya taku uku tsakaninka da injin da ake cewa yana fitar da ƙarfin doki 11,000.

Filin kansa yana kudu da Dallas kamar mil 40, a kan titin 287. Billy Meyer ne ya gina shi a 1986, shi ma tsohon direban Funny Car ne, wato ɗaya daga ajin manyan motocin tseren, kuma shi ne filin farko da aka zuba wa kankare tun daga farko har ƙarshe maimakon kwalta. A nan Eddie Hill ya fara sauka ƙasa da daƙiƙa 5 a 1988, ya yi 4.990, lokacin ana gudun kwatan mil cikakke wato ƙafa 1,320. Yanzu manyan motocin da ke shan man nitro ƙafa 1,000 suke yi, an rage ne tun 2008 bayan Scott Kalitta ya rasu a hatsari a Englishtown. Duk da ragin Brittany Force ta yi 3.623 a 2019, a 2025 kuma ta haura mil 340 a awa, ku lissafa da kanku ya fi kilomita 540.

To ni direban tirela ne a nan Houston, saboda haka idona ba ya kan direbobin da ake rububin ɗaukar hoto da su, idona na kan mai. Kuma wallahi in kana son ka ga yadda ake ƙona dala da ido biyu to ka je wajen da suke ɗuma inji kafin a fita layi. Za ka ga makanikan sun saka abin rufe fuska irin na sojoji, wannan ita ce alamar. Da farko da methanol suke tayar da shi, ƙara ce dai mai yawa amma ana iya jurewa, sai babban makanikin ya buɗe nitro, nan take sautin ya canza ya koma kamar ana dukan ƙirjinka daga ciki, hayaƙi mai ɗan rawaya ya taso ya cika rumfar, idonka ya fara zubar da ruwa hanci na yoyo, irin dai a watsa busasshen barkono a garwashi a rufe ƙofa. Turawa tsofaffi da jikokinsu suna tsaye suna hawaye suna dariya babu mai matsawa. Da direban ya ɗan taka totur sau ɗaya kowa sai ya zabura, har waɗanda suka shekara talatin suna zuwa.

Man nan sunansa nitromethane, doka ta ce kada ya wuce kashi 90 cikin 100, sauran methanol. Wani abokina makanike da muka je tare ya ɗauka wai ya fi fetur ƙarfi ne, a'a, galan da galan fetur ya fi shi zafi. Sirrin shi ne nitro yana ɗauke da iskarsa a jikinsa. Fetur yana neman iska kashi 14.7 kafin ya ƙona kashi 1, shi kuwa nitro 1.7 ta ishe shi, saboda haka a silinda ɗaya za ka iya ɗura masa ninki takwas na abin da za ka ɗura na fetur ya cinye tas. Shi ya sa kowace silinda filogi biyu gare ta, 16 ke nan a inji ɗaya, motar ba ta da lagireto man ne yake sanyaya ta, ba ta da giya sai kuloci mai faifai da yawa da yake kamawa a hankali. Tsakanin ɗumawa da murza taya a bakin layi da jiran fitila da gudun kansa, fita ɗaya tana shan galan 12 zuwa sama da 20. Galan guda kuma ya ninka kuɗin fetur na gidan mai fiye da sau goma. Fita huɗu na neman gurbi Juma'a da Asabar, in Allah ya ba ka sa'a ka kai wasan ƙarshe ranar Lahadi wasu huɗun.

Durom ɗin ma abin kallo ne, za ka gan su a gefen tirela, ba cikakken mai galan 55 da muka saba ba, galan 42 ake zubawa saboda wata dokar tsaron cikin gida ta Amurka da a da take sa ido kan duk wanda ya ajiye sama da fam 400 na sinadarin. Kuma abin yana da asali mai ɗaci, don Timothy McVeigh da ya tayar da bam a Oklahoma City a 1995 ya kashe mutum 168, a wajen tseren Ennis ɗin nan ya sayi durom uku na nitro a Oktoban 1994, ya ce wai shi mai tseren babur ne. Allah ya kyauta.

Da mota ta dawo daga layi sai a yi mata ca. Mutum bakwai takwas kowa da aikinsa, wani na kwance a ƙasa yana ciro fistin, wani na kan kuloci da safar hannu mai kauri don faifan na fitowa da zafi yana hayaƙi, babu mai yi wa wani magana. A cikin minti 75 ko ƙasa da haka sun wargaza injin sun mayar sun tayar. Abokin nan nawa tsayawa ya yi baki buɗe ya ce Malam mu da muke riƙe motar mutane sati biyu a kan gasket, ina za mu sa kanmu. Wannan kaɗai ni a wurina ya biya tikitin.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba nitro ba ne, dizal ne. Kowa na maganar tsadar nitro don shi ne mai wuta da ƙara, ba mai kallon tirelolin da suka jeru reras an wanke su suna ƙyalli, alhali su ne suke cin kuɗi shiru shiru. Kakar wasa tana farawa a Gainesville ta Florida a watan Maris ta ƙare a Pomona ta California a Nuwamba, wasa wajen 20, daga wannan bakin teku zuwa wancan. Yawancin manyan ƙungiyoyin a Brownsburg ta jihar Indiana suke da gareji, har John Force, fitaccen direban Funny Car da asalinsa Yorba Linda ta California ne sai da ya kai aikinsa can, dalili kuwa tsakiyar ƙasa ce, hanya ta fi sauƙi ta ko'ina. Duk da haka daga Brownsburg zuwa Pomona mil 2,000 ne da 'yan kai. Tirela mai kaya mil 6 zuwa 7 take yi a galan, wannan ba sai an gaya min ba, wato galan 300 da wani abu zuwa kawai. A watan Yunin 2022 da dizal ya kai wajen dala 5.80 a Amurka, tirela ɗaya zuwa ɗaya ta doshi dala 1,800, babbar ƙungiya kuma mota ɗaya tirela biyu take bi da ita, ga ta saukar baƙin masu tallafi da kicin ɗinta, ga janareta da ke ruri kwana uku, ga otal na mutum goma, ga abinci. Sannan dokar awa 11 ta tuƙi a rana da ta hau kanmu ta hau kansu, ba a yi musu rangwame don suna sauri.

Shi ya sa in ka zagaya can ƙarshen layin za ka tarar da ƙananan ƙungiyoyi, tirela ɗaya tsohuwa, makanikan rabi 'yan sa kai ne da suka ɗauki hutu a wajen aiki. Irin waɗannan ba sa bin kaka gaba ɗaya, wasannin da ke kusa da gida suke zaɓa, wani lokacin ma su ƙi fita zagaye ɗaya ko biyu na neman gurbi don a adana mai da kayan inji. Gurbi 16 ne, in motocin da suka zo ba su wuce 16 ba me zai sa ka ƙona kuɗinka sau huɗu. Ni can na fi daɗewa, sun fi sakin fuska, ka yi tambaya a amsa maka. Kuɗin da ake ba wanda ya ci ba ya riƙe ƙungiya, masu tallafi ne ke riƙewa. Ku tuna Al-Anabi, ƙungiyar da Sheikh Khalid Al Thani na Qatar ya ɗauki nauyi, ta ci kambun Top Fuel, ajin dogayen motocin nitro, a 2010 da 2011 da 2013, da kuɗin ya tsaya a farkon 2015 ba a daɗe ba motocin suka koma gareji.

Mu 'yan kallo ma hanyar ce ke cin mu. Da can muna da fili a Baytown nan bayan gida, NHRA ta yi wasanta na ƙarshe a can a 2022, yanzu sai ka kama I-45 ka yi arewa wajen mil 200. Mai zuwa da dawowa, kwana, abinci, in ka tara sun fi tikitin nesa ba kusa ba. Wani ƙaramin masauki da na saba yada zango a cikinsa in na ɗauko kaya ta wajen, a makon tseren sai da ya kusa ninka kuɗin ɗaki, ga tawul ɗin kamar an goge inji da shi, ban sake komawa ba. Shawarata ku haɗu mutum huɗu a mota ɗaya a raba kuɗin mai, ku kama ɗaki tun da wuri ta wajen Waxahachie ko Corsicana, ko kuma ku yi sammako bayan asuba ku dawo a daren in akwai mai karɓar tuƙi. Ku sha mai kafin ku shiga cunkoson 287.

Abinci kuma a ci a ƙoshi kafin a shiga, don Texas ce, yawancin abin da ake gasawa sai ka yi tambaya, ni dankali da lemo na tsaya a kai. Sallah a gefen mota muka shimfiɗa darduma babu wanda ya ko kalle mu. Rana tana duka har a Oktoba, a zo da hula. Kuma a san cewa in inji ya fashe ya zubar da baƙin mai a layi to zama ya kama ku, ana iya share rabin awa ana gogewa, haka wasan yake a kowane fili.

In rana ɗaya za ka iya, mutane za su ce maka Lahadi don ita ce ta cin kofi. Ni Juma'a nake cewa, zagayen dare, lokacin ne ake ganin wutar da ke fita daga salansa ta haura kan direba, iska ta yi sanyi motocin sun fi gudu, kuma duk motocin suna nan ba a kori kowa ba tukuna. Abin toshe kunne dole ne, ku saya a kanti tun a gari, yara kuma a sa musu babba mai rufe kunne gaba ɗaya, jariri dai a bar shi gida wajen mamansa don Allah.