Gargaɗi ga mutanen Zariya: ana sayar da tikitin motar jigila na bogi ga masu tafiya a jirgin ruwan shaƙatawa

Jama'a, assalamu alaikum. Wannan jan kunne ne ga duk wanda ya biya kuɗin tafiya a jirgin ruwan shaƙatawa ko yake shirin biya, musamman malaman jami'a na Samaru da Kongo, ma'aikatan asibitin Shika, da 'yan kasuwar Sabon Gari da kan haɗa umara ko sarin kaya da 'yar hutawa a teku. Akwai masu kiran kansu ejan da ke bin zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook suna tallar wani abu wai shi katin motar jigila na duk tashoshi. Cewa suke ka biya sau ɗaya tun daga nan Zariya, duk garin da jirgi ya tsaya za ka tarar da bas a gindin jirgi, ta kai ka tsakiyar gari ta dawo da kai. Kada ku biya. Kowace tashar jiragen ruwa da mai gudanar da motocinta, kuma babu wani ɗan gefe da zai buga maka takarda ɗaya a karɓe ta a Italiya da Girka da Turkiyya.

Abin da ya sa damfarar ke cin mutane shi ne a kan gaskiya aka ɗora ta. Sau da yawa jirgin ruwa ba a cikin gari yake tsayawa ba. Kamar dai motar dare ce ta sauke ka a Kwangila alhali Ƙofar Doka ka nufa, sai dai a nan tazarar ta wuce wasa. Idan takardar tafiyarka ta ce Rum, a Civitavecchia jirgin zai tsaya, kimanin kilomita 80 daga birnin. Idan ta ce Paris, Le Havre ake nufi, wajen kilomita 200. Mai son ganin Alƙahira daga Iskandariyya zai taso, fiye da kilomita 200 shi ma. Ɗan damfara ya san wannan sarai, da shi yake fara tsorata ka: "Alhaji, ranka ya daɗe, in ba ka da wannan katin a kan jirgi za ka wuni, kai da Hajiya."

Ga yadda abin yake a zahiri. Tun ranar 1 ga Yulin 2004 aka fara aiki da ƙa'idar tsaron jiragen ruwa da tashoshi ta duniya, wadda ake kira ISPS. Saboda ita, ba kowace mota ke shiga harabar tasha ba, sai mai izini, kuma a manyan tashoshin dakon kaya ba a barin fasinja ya taka da ƙafa tsakanin kwantena da manyan motoci. Don haka motar da ke tsayawa a gindin jirgi ko ta hukumar tashar ce, ko wadda kamfanin jirgin ya yi haya. Ta hukumar tasha sau da yawa kyauta ce, aikinta ta fitar da kai bakin ƙofa kawai. Ta kamfanin jirgi, in da kuɗi, a cikin jirgin ake yankar tikitinta, a caje shi a katin ɗakinka, wato katin nan da ke buɗe maka ƙofa, da shi kake sayayya, shi ne kuma ake duba wa duk lokacin da za ka sauka ko za ka hau. Akwai ta uku, ta hukumar sufurin gari, wadda a wurin ake biyanta. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke karɓar tiransifa zuwa asusun wani mutum a Najeriya.

A Civitavecchia, motar cikin tasha kyauta take ɗauko fasinja daga jirgi zuwa Largo della Pace, matsayar motoci da ke bakin tashar. Daga nan ka kama hanyar tashar jirgin ƙasa, ka yanki tikiti na 'yan yuro kaɗan, tafiyar awa ɗaya zuwa awa ɗaya da minti 20 ka shiga Rum. In tikitin takarda ne, sai ka buga masa hatimi a na'urar da ke dandamali kafin ka hau, in ba haka ba a ci ka tara. A Barcelona, manyan jirage na tsayawa a Moll Adossat, kuma akwai bas da ke kai mutane kusa da hasumiyar Kolumbus a ƙasan titin La Rambla, a nan take ake biya. A tashar Piraeus ta Girka, jirgin ƙasan cikin gari na kai ka Athens. Wanda ya fi ban takaici shi ne Istanbul: tashar Galataport, wadda aka buɗe a 2021, a cikin unguwar Karaköy take. Da ƙafa za ka fito, ga layin taragon T1 nan kusa, ya kai ka Sultanahmet, tsohuwar unguwar tarihi ta birnin. Wanda ya sayar maka da kujerar bas daga jirgi zuwa gari a can, hanyar da za ka taka da ƙafarka ya sayar maka.

Ba muna cewa duk abin da aka biya tun daga gida damfara ba ne. Kamfanonin jirage na sayar da motar ɗauko ka daga filin jirgin sama zuwa tasha ranar tashi, suna kuma sayar da rangadin gari mai ɗan jagora. Bambancin shi ne, in na gaske ne za ka gan shi a cikin bukin ɗinka, wato rajistar tafiyarka a wurin kamfanin jirgin. Shiga shafin kamfanin jirgin ko manhajarsa da kanka, ka sa lambar bukin da sunanka, ka duba. Abin da bai fito a can ba, jirgin bai san da shi ba.

Ku lura da takardar da suke turowa. Hoto ne ko PDF mai tambarin kamfanin jirgi, an kwafo shi daga intanet, wani lokaci har ya ɗan dushe a gefe. Akwai sunanka da manyan baƙaƙe, akwai ɗan murabba'in nan na QR. Ɗora kyamarar wayarka a kansa, sai ka ga ya kai ka shafin farko na kamfanin, ko lambar WhatsApp ta ejan ɗin, ko bai buɗe komai ba. Sannan nemi abubuwan da kowane tikitin mota na gaske ke ɗauke da su: sunan kamfanin motar, ainihin wurin haɗuwa, lokacin tashi, lokacin motar ƙarshe, lambar waya ta ƙasar da za ka. Ba za ka same su ba. "Tsakiyar gari" kawai za a rubuta. Lambar waya kuwa ta Najeriya ce, wadda ranar da ka tsaya a bakin ruwa kana kira za ka ji ta a kashe. Sai kuma gaggawa: kujeru biyu suka rage, yau da la'asar za a rufe, a tura kuɗi asusun "yaron ofis" domin na kamfani ya sami matsala. Da ka ji wannan, ka riƙe kuɗinka.

Wasunsu ba kuɗin tikitin ne ma gabansu ba. Za su ce ka turo hoton shafin fasfo da lambar bukin "don a sa sunanka a jerin direba". Direban motar jigila ba ya riƙe jerin sunaye, katin ɗaki ko tikiti yake dubawa. Da sunanka da ranar haihuwarka da lambar bukin, mutum na iya shiga bayanan tafiyarka. Wasu kuma mahaɗi za su turo na biyan kuɗi, ka zuba lambobin katin bankinka, sannan a kira ka a ce ka karanto lambar sirrin da banki ya aiko maka yanzun nan. Wanda ya karanta ta, ya miƙa mabuɗin asusunsa.

Masu haɗa tafiyar da umara su ƙara kula. Jiragen shaƙatawa sun fara tashi daga Jidda a 2021, kuma kamfanin Saudiyya na Aroya ya fara aiki a Disamban 2024, abin da ya sa tallar ke shiga ran mutanenmu. Ɗan damfara zai ce katinsa ya haɗa da motar Makka. Tsakanin Jidda da Makka kimanin kilomita 80 ne, kuma maganar umara magana ce ta irin bizar da kake riƙe da ita, ba ta kujerar bas ba. Duk mai sayar da umara a Najeriya sai da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON. A nemi a gani, a kuma tabbatar daga hukumar.

Yanzu ga inda asarar ta fi zafi, domin kuɗin katin bogi ƙaramin abu ne in aka gwada da abin da ke biyo baya. Mutum ya sauko da iyalinsa, ya nuna takarda, ma'aikacin tasha ya girgiza kai. Ya ɓata awa guda yana kiran ejan. Ransa a ɓace, ya fita bakin ƙofa, inda wasu 'yan kamasho ke jira da allo a hannu. Su ne zango na biyu. Za su ce motar tasha ba ta aiki yau, ko layinta awa biyu ne. Za su faɗi kuɗi ba tare da sun ce na zuwa ne kaɗai ba, ko kuma na kowane mutum ne ba na mota ba. Wasu su karɓi na zuwa da dawowa, su sauke ka, su ce a haɗu ƙarfe uku, ba za ka sake ganinsu ba. Wasu su bi da kai shagon darduma ko na turare inda suke da kaso, a cinye maka rabin wuni.

Jirgi kuwa ba ya jira. Galibi ana rufe shiga minti 30 kafin tashi, kuma ana rubuta lokacin a allo daidai inda kake sauka, da kuma cikin takardar shirin yini da ake sa wa a ɗaki ko a manhaja. In rangadin da kamfanin jirgin ya sayar ne ya makara, jirgi kan jira shi ko kamfanin ya ɗauki nauyin kai mutane tasha ta gaba. In da kanka ka fita, nauyin a wuyanka yake: otal, tikitin jirgin sama, komai. Ga mai fasfon Najeriya abin ya fi muni, saboda tasha ta gaba na iya zama wata ƙasa da ba ka da bizar shigarta ta sama. Kuma in jirgin ya fita yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ya dawo, misali daga Italiya zuwa Turkiyya sannan Girka, biza mai shiga sau da yawa ake buƙata. Ejan ɗin da bai tambaye ka irin bizarka ba amma yana matsa maka kan tikitin bas, ka san abin da ke gabansa.

Lissafin komawa daga baya ake yin sa. A ce jirgi zai tashi ƙarfe 6 na yamma daga Civitavecchia. Ƙofa na rufewa 5:30. Kana son ka kasance a Largo della Pace kafin 4:30, domin layin motar tasha kan yi tsawo da yamma, kowa lokacin yake dawowa. Ƙara lokacin tahowa daga tashar jirgin ƙasa, ƙara awa ɗaya da minti 20 na hanya, sannan ka bar sararin jirgin ƙasa ɗaya ko da na farko ya makara ko an soke shi. Ka ga ke nan wajen ƙarfe 2 ya kamata ka baro Rum, ba 4 ba. Yajin aikin sufuri ba baƙon abu ba ne a Italiya, a tambaya tun da safe. Sai maganar agogo: Girka na gaban Italiya da awa ɗaya, wayarka kuma na iya canja lokaci da kanta ko ta ƙi canjawa. Da agogon jirgi ake aiki. Saita agogon hannu da shi kafin ka sauka.

Kafin ka taka matakalar sauka, ɗauki hoton allon lokacin rufe ƙofa. Ɗauki hoton sunan wakilin jirgin a wannan tasha da lambarsa, suna cikin takardar shirin yini, shi za ka kira in ka makara. Tambayi teburin baƙi na jirgin tun ana gobe za a sauka: akwai motar jigila gobe, kyauta ce ko da kuɗi, ina take saukewa, ƙarfe nawa ta ƙarshe ke barin gari? In ta sauke ka, ɗauki hoton wurin da sunan titin, don tashoshi da yawa na da matsaya fiye da ɗaya, kuma jirage uku ko huɗu na iya kasancewa a rana guda, kowanne da motarsa. Duba sunan jirginka a gilashin gaban bas kafin ka hau. Mai keken guragu ko dattijon da hawa matakala ke ba shi wuya, a sanar da jirgi da wuri, ba kowace bas ke da wurinsu ba. In tasi za ka hau, ka je layin tasi na hukuma, a kunna mita ko a yanke kuɗi a fili, na mota gaba ɗaya, kafin a rufe ƙofa.

Tantance ejan a nan gida ba wuya. Je ofishinsa da ƙafarka, kada ka tsaya a hoton allo. Bincika sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka kuma tambaya ko yana cikin ƙungiyar NANTA ta masu shirya tafiye-tafiye. Rajistar CAC ita kaɗai ba shaidar amana ba ce, amma rashinta ya isa ka juya. Sunan da ke kan asusun banki ya zama daidai da sunan kamfanin, a ba ka rasit. Ko da ta hannun ɗan'uwa ko abokin aiki tallar ta zo, a bincika, domin sau da yawa shi ma turo masa aka yi ya tura da kyakkyawar niyya.

Wanda ya riga ya biya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Kira bankinka nan take ka shigar da ƙorafin damfara, ka karɓi lambar ƙorafin, don kuɗin ba ya daɗewa a asusun farko. In ka ba da lambobin kati, a toshe katin yau. Kada ka goge hirarku: ɗauki hoton saƙonni, adana saƙon murya, rasit ɗin tiransifa, lambar asusu da sunan da ya fito. Kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, sannan ka rubuta wa EFCC, suna da ofishin shiyya a Kaduna, kuma dokar damfara ta 2006 ta shafi irin wannan laifi. In ka tura lambar bukin, sanar da kamfanin jirgin su duba ko an taɓa wani abu a ciki. Sannan ka faɗa wa mai kula da zauren da ka ga tallar ya cire ta, ya sanar da sauran mutane lambar asusun da aka yi amfani da ita.